Yadda na nemi zama 'yar ƙasar Birtaniya ta hanyar aure, daga biza zuwa fasfo

Tun da aka ji cewa na karɓi takardar zama 'yar ƙasar Birtaniya a ƙarshen shekarar 2024, mata da dama daga cikin 'yan'uwanmu da ke zaman aure a nan suke kirana da tambayoyi, kuma na lura kusan dukansu a wurare guda suke ruɗewa, wuraren da ni ma sai da na sha fama kafin na gane su. Shi ya sa na ga ya dace in zauna in rubuta yadda abin ya gudana daki-daki, domin mai shirin nema ta san abin da ke gabanta tun da sauran lokaci. Duk kuɗin da zan ambata na lokacin da na biya ne, kuma dokokin shige da fice na ƙasar nan suna yawan sauyawa, saboda haka wajibi ne mai nema ta duba shafin gwamnati na gov.uk kafin ta fitar da ko kwabo.

A gida mutane da yawa sun ɗauka cewa da zarar mace ta auri mai fasfon Birtaniya, ita ma ta zama 'yar ƙasa. Ba haka ba ne. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1981 manyan sauƙi guda biyu ta yi wa matar ɗan ƙasa ko mijin 'yar ƙasa. Na farko, shekara uku na zama a ƙasar ake dubawa maimakon biyar da ake duba wa sauran mutane. Na biyu, ba sai an jira wata goma sha biyu bayan samun izinin zama na dindindin ba, ana iya nema da zarar an same shi. To amma shi izinin zama na dindindin, wanda kowa a nan ke kira ILR, sai an yi shekara biyar a kan bizar aure ake samunsa, don haka a zahiri wadda ta shigo ta hanyar aure sai ta cika biyar ɗin kafin ta yi maganar zama 'yar ƙasa. Wannan lissafin shi ne abu na farko da nake warware wa duk wadda ta kira ni tana cewa ai ta cika shekara uku.

An ɗaura mana aure a Kano a 2017, a masallaci, kamar yadda aka saba, kuma Allah ya sa maigidana ya dage a kan a karɓi takardar shaidar aure tun a lokacin. Birtaniya tana amincewa da auren da ya halatta a dokar ƙasar da aka ɗaura shi, amma sai da takarda, kuma idan takardar da Hausa ko Larabci aka rubuta ta, sai an haɗa da fassarar da wani ƙwararren mai fassara ya sa wa hannu. Ya kamata a kula da bambanci guda a nan: auren da aka ɗaura a wani masallaci a cikin Ingila ba tare da rajistar hukuma ba, doka ba ta ɗaukarsa a matsayin aure, ko da kuwa ya cika dukkan sharuɗɗan addini. Na shigo ƙasar a ƙarshen 2018 da biza ta wata talatin da uku, bayan gwajin tarin fuka a Abuja, da jarrabawar Turanci ta matakin farko, da shaidar cewa maigida yana samun aƙalla fam 18,600 a shekara, wanda shi ne sharaɗin lokacin. Tun daga Afrilun 2024 an ɗaga wannan adadi zuwa fam 29,000 ga sababbin masu nema. A 2021 muka sabunta bizar na wata talatin, muka biya kuɗin kiwon lafiya na fam 624 kan kowace shekara, wanda shi ma ya kai fam 1,035 a 2024.

A waɗannan shekaru ne ainihin aikin yake, ko da yake mutum ba ya ganewa sai daga baya. A kowane mataki ana neman wasiƙun hukuma da ke nuna cewa miji da mata suna zaune a adireshi ɗaya, a warwatse cikin tsawon shekarun, daga wurare daban-daban. A al'adarmu kuwa komai na gida da sunan maigida yake: haya, wuta, gas, ruwa, harajin gunduma. Wata dattijuwa 'yar Zariya da ta daɗe a ƙasar nan ce ta ja hankalina tun watannin farko. Ta ce, “'Yata, ki ce wa mijinki ya sa sunanki a takardun gidan nan, ki buɗe asusun banki naki na kanki, kuma duk wasiƙar da ta zo da sunanki kada ki jefar.” Na bi shawararta. Na sami wani babban fayil mai zobba na riƙa huda wasiƙun ina jerawa shekara-shekara, har da na asibiti da na makarantar yara. Lokacin da muka zo neman izinin dindindin a ƙarshen 2023, wanda muka biya wa fam 2,885, ba mu nemi takarda ko ɗaya mun rasa ba.

Jarrabawa biyu ake yi kafin izinin dindindin, kuma duka biyun suna yi wa mutum amfani har zuwa neman zama ɗan ƙasa, ba sai an sake ba. Ta farko ita ce ta Turanci a matakin da ake kira B1, ta magana da sauraro kawai, wadda na biya wa kimanin fam 150. Hira ce ta kusan minti goma da mai jarrabawa, inda mutum yake zaɓar batun da zai yi magana a kai. Ni na zaɓi yadda ake hidimar Sallah a Kano, da hawan daba, da yadda muke yin tamu a nan. Akwai jerin ƙasashen da aka ɗauke wa 'yan asalinsu wannan jarrabawa, irin su Amurka da Kanada da Ostareliya da Jamaika, amma babu ƙasar Afirka ko ɗaya a ciki, duk da cewa ɗan Najeriya da Turanci yake karatu tun daga firamare har jami'a. A ganina wannan bai dace ba, sai dai haka dokar take. Wadda take da digiri daga jami'ar gida tana iya aika takardunta ga hukumar da ke tantance shaidar karatun ƙasashen waje domin a tabbatar da Turanci aka koyar da ita, amma wannan ma da kuɗinsa da jiransa, shi ya sa na ga hirar minti goma ta fi mini sauƙi.

Ta biyu ita ce jarrabawar sanin tarihi da tsarin rayuwar ƙasar, wadda ake kira Life in the UK. Kuɗinta fam 50, tambayoyi 24 a kan kwamfuta cikin minti 45, kuma sai an ci 18 ake wucewa. Kada wadda ta daɗe a ƙasar ta ɗauka zaman da ta yi zai wadatar da ita, domin tambayoyin daga littafin hukuma suke fitowa: yaƙin 1066, da yarjejeniyar Magna Carta ta 1215, da matan Sarki Henry na Takwas su shida, da shekarar 1928 da mata suka sami 'yancin zaɓe daidai da maza, da ranakun waliyyan Ingila da Sikotland da Wales da Ireland ta Arewa. Nakan yi karatun bayan sallar asuba kafin yara su tashi, da yamma kuma maigida ya riƙa yi mini tambayoyi muna cin abinci. Ranar jarrabawar an duba shaidata sosai, aka sa na ajiye waya da jaka a akwati mai makulli, sannan wata ma'aikaciya ta kai ni gefe ta duba kunnuwana a ƙarƙashin hijabi domin tabbatar da babu na'urar sauraro, cikin mutunci kuwa ta yi. Sunan da aka yi rajista da shi dole ya yi daidai da na katin shaida harafi da harafi, in ba haka ba a mayar da mutum gida, kuɗinsa kuma ya tafi.

Inda na fi so a tsaya a natsu shi ne lissafin kwanakin tafiya. Sharaɗin shi ne kada mai nema ta wuce kwana 270 a wajen Birtaniya cikin shekara ukun da suka gabaci ranar nema, kuma kada ta wuce kwana 90 cikin wata goma sha biyun ƙarshe. Akwai kuma na uku wanda mutane suka fi mantawa: dole ne a ce tana cikin ƙasar a daidai ranar da ta cika shekara uku baya daga ranar da aka karɓi takardar nemanta. Idan za ta tura fom ranar goma ga wata, sai ta tabbata ranar goma ga wannan watan shekara uku da suka wuce ba ta Kano ko Makka. Abin da ke ruɗa mutane shi ne, a kan bizar aure babu ƙayyadadden adadin kwanaki irin wannan, don haka mace tana iya samun izinin dindindin lafiya lau alhali tafiye-tafiyenta sun wuce abin da ake yarda da shi a matakin zama 'yar ƙasa. Mu kuwa tafiyarmu gida ba ta mako biyu ba ce. Akwai mai zuwa wankan jego, akwai mai zuwa jinyar iyaye, ga biki, ga rasuwa, ga Umara da aikin Hajji.

Ni abin da ya same ni ke nan. A 2023 mahaifina ya kwanta rashin lafiya, na tafi Kano na yi jinyarsa har Allah ya karɓi abinsa, na kuma zauna tare da mahaifiyata na wani lokaci bayan rasuwar. Tafiyar ta haura wata uku, kuma ko yau aka ce in sake zaɓa, zaman zan zaɓa. Da izinin dindindin ya fito, maigida ya so mu tura fom nan take, amma da muka zauna da tsohon fasfona da sabo muka bi hatiman ɗaya bayan ɗaya, sai muka ga na haura kwana 90 a shekarar ƙarshe. Jami'in da ke duba takardu yana da ikon yin sassauci idan akwai dalili mai ƙarfi, kuma rasuwar mahaifi dalili ne, sai dai sassauci ba hakki ba ne, kuma idan aka ƙi amincewa kuɗin bikin rantsuwa kaɗai ake mayarwa. Muka yanke shawarar jira har wannan tafiyar ta fita daga cikin wata goma sha biyun. A cikin jiran kuɗin nema ya tashi daga fam 1,580 zuwa fam 1,630, amma ƙarin fam 50 ya fi asarar duka. Birtaniya ba ta buga hatimi idan mutum zai fita, saboda haka hatiman jami'an shige da fice na Najeriya da tsofaffin tikitin jirgi da ke cikin imel su ne suka taimaka mana. Ranar fita da ranar dawowa ba a ƙirga su cikin kwanakin da mutum ba ya nan.

A lokacin jiran ne mahaifiyata ta kira ta ce in zo bikin ƙanwata in daɗe. Na ce, “Umma, ki yi haƙuri, zan zo in sha Allahu, amma ba zan wuce mako biyu ba, akwai takardun da nake jira.” Ta yi shiru, sannan ta ce, “To, Allah ya yi miki albarka, ya sa a dace.” Wannan hirar ta fi mini kowace jarrabawa nauyi.

Ana buƙatar mutum biyu da za su shaidi mai nema, kowannensu ya san ta aƙalla shekara uku. Ɗaya ya kasance mai sana'ar da hukuma ta amince da ita, kamar likita ko malamin makaranta ko akawu ko limamin addini, ko ɗan wace ƙasa ne. Ɗayan kuma dole ya kasance mai fasfon Birtaniya, kuma ko dai ya haura shekara 25 ko shi ma mai irin wannan sana'a ne. Ba a yarda su zama dangin mai nema ba, ko dangin juna, ko lauyan da ke tsaya mata. Wannan yana ba matanmu wahala fiye da yadda ake zato, domin wadda rayuwarta ta tsaya a tsakanin gida da dangin miji sai ta duba ta ga duk wanda ya san ta shekara uku suruki ne ko ɗan'uwa. Ni limamin masallacinmu da wata maƙwabciyata Baturiya, ma'aikaciyar jinya mai ritaya, su suka tsaya mini. Maigida ne ya kai wa liman takardar, ya ce, “Allah ya gafarta Malam, alfarma muke nema,” shi kuwa ya karanta kowane layi kafin ya sa hannu, domin shaidar ƙarya a wannan takarda laifi ne a doka. A jikin kowace takarda ana manna hoton mai nema.

Fom ɗin kansa a intanet ake cikewa, kuma ana iya ajiye shi a dawo a ci gaba. Yana tambayar adireshin da aka zauna, da aikin yi, da lambar inshorar ƙasa, da bayanin iyaye, da kowace tafiya da ranakunta da dalilinta. Sashen da ya fi muhimmanci shi ne na kyawun hali. Ana tambayar ko an taɓa samun mutum da laifi a kowace ƙasa, ko 'yan sanda sun taɓa yi masa gargaɗi a rubuce, ko an ci shi tarar tuƙi, ko yana da bashin haraji ko hukuncin kotu a kan bashi. Ƙaramar tara da aka biya ba kasafai take hana a amince ba, amma ɓoye ta ana iya ɗaukarsa yaudara, ita kuwa yaudara tana iya rufe wa mutum ƙofa har shekara goma. A faɗi komai, a yi bayani a gurbin da aka tanada. Na tura nawa a damina ta 2024, na biya da katin banki, sannan aka tura ni shafin kamfanin da ke ɗaukar hoton yatsu. A can na ɗora hotunan takarduna: fasfona biyu shafi-shafi, da katin izinin zama, da fasfon maigida, da takardar aure, da shaidar jarrabawa biyun, da takardun masu shaida. Akwai guraben ganawa na kyauta amma suna saurin ƙarewa, saura kuwa sai an biya. Ganawar ba ta kai rabin awa ba. An ɗauki hoton fuska da na yatsu, na sa hannu, aka mayar mini da fasfona. Wadda ta yi lalle ta bari ya goge kafin ranar, domin yana iya hana na'urar karanta yatsu.

Daga nan sai jira. Hukuma ta ce yawanci cikin wata shida ake yanke hukunci, kuma babu wani shafi da mutum zai duba ya ga inda takardarsa ta kai. Kullum da safe nakan buɗe imel, har da akwatin da saƙonnin banza suke faɗawa. A zaurukan WhatsApp za a ji wata ta ce nata ya fito cikin mako shida, wata kuma ta ce ta haura wata bakwai, kuma babu abin da kwatanta kai da su yake ƙarawa sai damuwa. Abu guda mai kwantar da hankali shi ne, a wannan mataki ana iya tafiya waje a dawo da fasfon gida da izinin zama, saɓanin lokacin neman sabunta biza ko izinin dindindin, inda fita daga ƙasar yake soke neman gaba ɗaya. Nawa ya fito bayan kimanin wata uku, a saƙon imel mai gajeren bayani, da umarnin in tuntuɓi majalisar gundumarmu in tsayar da ranar rantsuwa cikin wata uku.

Sai an yi rantsuwar mutum yake zama ɗan ƙasa, ba ranar da saƙon ya iso ba. An yi tamu a zauren majalisar gari, mu da yawa daga ƙasashe daban-daban, kowa da baƙinsa biyu. A bakin ƙofa aka tambayi kowa wanne ya zaɓa, rantsuwa da sunan Allah Maɗaukaki ko alkawari ba tare da ambaton addini ba, aka raba mu kashi biyu. Kalmomin na yin biyayya ne ga Sarki Charles na Uku da magadansa bisa doka, sannan alkawarin mutunta 'yanci da dokokin ƙasar. Tun kafin ranar na nemi lafazin na karanta, na kuma tattauna da malaminmu har zuciyata ta natsu, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka maimakon ya fara jin kalmomin a cikin zaure. Aka kira sunaye ɗaya-ɗaya, aka miƙa takarda, aka rera taken ƙasa. Na yi farin ciki ƙwarai, na kuma tuna mahaifina wanda ya raka ni filin jirgi ranar da zan taho. Kafin a bar zauren a duba suna da ranar haihuwa a jikin takardar, kuma kada a kai ta a lulluɓe ta da roba, domin ofishin fasfo ba ya karɓar wadda aka yi wa haka.

Bayan rantsuwa izinin zama ya daina aiki, don haka ba a shigowa ƙasar da shi. A lokacina an buƙaci in mayar da katin cikin kwana biyar na aiki, yanzu kuwa an koma tsarin biza ta intanet. Kada a sayi tikitin tafiya sai fasfon ya zo hannu. Na nema a intanet a kan fam 88.50, na aika takardar zama 'yar ƙasa ta asali da fasfona na Najeriya, aka dawo mini da su daga baya. A nan ne maganar suna take tasowa, domin ofishin fasfo yana son sunan da zai rubuta ya yi daidai da wanda ke cikin fasfon ɗaya ƙasar. Mu kuwa sau da yawa takardar makaranta tana ɗauke da sunan uba, takardar aure da sunan miji, a wani wuri an rubuta Muhammad a wani Mohammed, ranar haihuwa kuma ta takardar rantsuwar kotu ce wadda ba lallai ta dace da ta lambar NIN ba. Wadda take da irin wannan saɓani ta gyara shi tun tana kan bizar farko. Ni sunan mahaifina na riƙe a kowace takarda tun daga farko, kuma hakan ya rage mini wahala mai yawa.

Ba dole ba ne a ɗauki lauya idan takardu a miƙe suke, amma wadda ta taɓa wuce wa'adin biza, ko aka taɓa hana ta, ko take da wata shari'a, ta nemi lauya ko mai ba da shawara da ke da rajistar hukuma, ta guji masu cika wa mutane fom a ɗaki. Ina kuma roƙon mata su san abin da aka rubuta da sunansu. Ko maigida ne yake cikewa, a zauna tare a karanta, domin wadda ta sa hannu ita ake tambaya. Ga mazajen kuma, su bar matansu su fita su san mutane, su yi ajin Turanci, su mallaki takardu da sunansu, domin duk waɗannan ana neman shaidarsu a ƙarshe.

Tambayar da aka fi yi mini daga gida ita ce ko na bar zama 'yar Najeriya. Ban bari ba. Sashe na 28 na kundin tsarin mulkin 1999 ya bar wa wanda yake ɗan Najeriya ta hanyar haihuwa damar riƙe wata ƙasar, Birtaniya ma ta yarda da haka. Idan zan je gida, da koren fasfona nake shiga Najeriya, in dawo da na Birtaniya, don haka dole a riƙa sabunta duka biyun, kuma a sani cewa muddin mutum yana cikin Najeriya, ɗan Najeriya ne a idon hukuma, ofishin jakadancin Birtaniya ba zai shiga tsakaninsa da ita ba. 'Yan'uwanmu na Nijar da Gana da Kamaru kuwa kowa ya binciki dokar ƙasarsa kafin ya yi rantsuwa, domin hukuncin riƙe ƙasa biyu ba iri ɗaya ba ne a ko'ina.